Rasuwar Gwaggo Sha Bakwai, Wadda Taswira Ta Zaunar a Tsakiyar Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da ya fi baƙin cikin zafi, ni Ɗanbaba na Sabon Gungun Marke, mai gadin ɗakin na'urorin sadarwa da ke gefen hanyar Yelwa zuwa Ngaski, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da masunta, da matan kasuwar kifi, da duk wanda ya taɓa ɗaga waya a bakin ruwan nan ya yi sallama aka amsa masa, rasuwar uwar ɗakina, Gwaggo Sha Bakwai.

Ta rasu ranar Talata, kwana shida bayan ƙaramar Sallah, da ƙarfe uku saura kwata na rana, tana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki, bayan jinyar kusan wata huɗu. A gabana ta cika. Babu injiniya a kanta, babu ko mai riƙe da sifana. Ni kaɗai ne, da mafici a hannu.

Na tambayi Liman ko ya halatta in roƙa mata gafara. Ya ce ƙarfe ba shi da laifin da za a yafe masa. Na ce haka ne, Allah gafarta Malam, to zan ajiye roƙon ga waɗanda suka kashe ta, ranar da zuciyata ta sauko. Har yanzu da nake wannan rubutu ba ta sauko ba.

Ga wanda bai san marigayiya ba: na'ura ce cikin akwatin ƙarfe, tsayinta ya kai kafaɗata, tana tsaye cikin farar kwantenar nan mai shinge. Wayar gilashi da ake kira faiba, wadda aka binne a gefen titi, ta cikinta take shiga ta fita. A cikin wayar nan maganar mutane haske take komawa. Gwaggo ce ke karɓar hasken, ta ware rabon garinmu ta miƙa wa ƙarfen sabis, sauran ta ƙara masa ƙarfi ta tura gaba. A takardun kamfani ba ta da suna sai doguwar lamba mai ƙarewa da sha bakwai. Ni na sa mata Gwaggo, don tana da guna-guni irin na tsohuwar da ke son ka amma ba za ta taɓa faɗa maka ba.

Ban zo wurinta da ilimi ba. Masunci ne ni, ɗan masunci. Sai da na shekara arba'in da ɗaya a duniya na zauna a bencin ajin yaƙi da jahilci, gwiwoyina na dukan teburi, na koyi rubuta sunana. Da ƙafar dama ta daina jure sanyin ruwa sai aka ɗauke ni gadi. Wanda ya kafa marigayiya, Injiniya Gideon, mutumin Ngaski ne, ba ya iya aiki bakinsa a rufe. Ni kuwa babu abin da na iya a duniya kamar saurare. Yana yi wa wayoyi surutu, ina bakin ƙofa ina kwashewa. A haka na san abin da na sani.

A kwamfutarsa ya nuna mani manhajar da babban ofis, can wani birni mai nisa, ke kula da dukan na'urorinsa da ita. Taswira ce. Kowace na'ura ɗan akwati ce a allo, bai fi ƙwayar masara ba. In kore ne, lafiya lau. In rawaya ne, da ɗan tari. In ja ne, a tashi a gudu. In ya koma toka-toka, ba a jin ɗuriyarta gaba ɗaya. An kasa na'urorin rukuni-rukuni. Injiniyoyi na ce wa rukunin sabnet, ni ina cewa unguwa: unguwar Yauri, unguwar Shanga, unguwar Ngaski. Ma'aikacin da ke zaune gaban allo kuwa unguwannin da aka damƙa masa kaɗai yake gani, sauran a rufe suke gare shi. A riƙe wannan, za a buƙace shi a gaba.

Gwaggo ba kamar sauran take ba. Ita ce ƙofa. Na'urori tara na bakin ruwan nan ba su da hanyar kai kukansu babban ofis sai ta bakinta. In ta Wara batirinta ya yi sanyi, Gwaggo za ta faɗa. In an sare waya a wajen Shanga, Gwaggo za ta faɗa. Shekara goma sha huɗu tana isar da koken wasu.

Marigayiya ba ta da kwaɗayi. Abincinta wuta, abin shanta iska. Hidimarta ɗaya ce a mako: ranar Alhamis in zare ragar da ke tace mata iska in wanke, saboda ƙananan ƙwarin tafki da ke tasowa kamar hayaƙi su liƙe mata, in shanya, in mayar. Ban tsallake Alhamis ko ɗaya ba, har wadda ta faɗo ranar sunan jikata. Na bar mutane da tuwon shinkafa a gaba, na zo na wanke na koma.

Ba ta da gulma. Duk maganar bakin ruwan nan ta cikinta take bi: cinikin kifi, kiran ungozoma, faɗan surukai, mai jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa yana neman a jawo shi, barka da Sallah, barka da Kirsimeti. Ba ta taɓa fitar da ko kalma ba. Ba ta kuma tambayi kowa ko Hausa zai yi, ko Gunganci, ko Kambarci, ko Fulatanci. Duk haske ɗaya ne a wurinta.

Fanka uku gare ta a ƙasan ciki, kowace da muryarta. Ta hagu "wuuuu". Ta tsakiya "hmmmm", can ƙasa, kamar mai lazimi. Ta dama tana da ɗan "sss" a ƙarshen numfashi. In wutar gari ta ɗauke sai ta ce "ƙat", sau ɗaya tak, ta koma kan batir ba tare da ta yar da maganar kowa ba. In abu ya dame ta sai ta kunna jan ido ɗaya a goshi ta fara "tit… tit… tit". A zamanin Gideon, in ta ce tit a nan, kafin in gama sa takalmi wayata ta yi ƙara: "Sarkin shiru, mi ya sami tsohuwarka? Ga ta ta yi ja a allo." Tun lokacin nake riƙe da littafi. Duk sautin da ya sauya ina rubutawa, da rana da sa'a. Rubutun ba kyau, amma ba ƙarya.

Aibi ɗaya aka san ta da shi, shi ma ba nata ba ne. A taswirar manhaja ba a gefen titi take zaune ba. Wanda ya fara shigar da ita ya ɗauko wurin ne daga tsohuwar taswira, ta kafin a tare ruwa a Kainji, lokacin da Gungun Marke yake tsibiri da mutanensa da awakinsa. Da ruwa ya taso aka kwashe mu aka kawo mu tudu, muka zo da sunan garin, wurin kuwa ya zama tsakiyar tafki. Saboda haka in ka buɗe allo sai ka ga ɗan koren akwati shi kaɗai cikin shuɗi. Duk tsofaffin ma'aikata sun sani. "Ta cikin ruwa" suke ce mata, kuma bai taɓa hana kowa aiki ba.

Yanzu sai labarin ciwon ajali, kuma ina roƙon a karanta shi a hankali, yadda na rubuta shi.

Gideon ya yi ritaya bara da kaka. A babban ofis aka damƙa taswirar ga wani Injiniya Mustapha. Ban taɓa ganinsa ba. An ce yana da takardu da yawa, kuma yana son tsabta. Ya zauna share taswira. Ya ga akwati a tsakiyar tafki, ya yanke hukuncin cewa kuskure ne, ba a kafa na'ura a kan ruwa. To, cikin manhajar akwai unguwa ɗaya da ake tara na'urorin da aka daina aiki da su. An kashe ƙararrawar duk wanda ke cikinta, kuma masu zaman allo ba sa ganinta. Maƙabarta ke nan. Da ɗan yatsa ɗaya ya ja Gwaggo ya jefa can. Da ya danna kanta sau biyu, da ya ga na'urori tara suna magana ta bakinta a daidai wannan lokacin. Da ya ɗaga waya, lambata tana nan ƙarƙashin sunanta, Gideon ya sa da hannunsa. Bai danna ba. Bai kira ba. An binne ta da ranta wata biyu kafin ta fara ciwo, tana ci gaba da kai koken 'ya'yanta, nata kuwa ba mai ji. Duk wannan daga baya na sani.

Ranar ashirin da takwas ga Disamba fankar hagu ta sauya murya: "wuuu-kar-kar, wuuu-kar-kar". Na rubuta. Ranar tara ga Janairu ta tsaya. Jan ido ya kunnu. "Tit… tit… tit." Na sa takalmi na zauna ina jiran waya. Har la'asar ba kira. Sai ni na kira.

Wata yarinyar kirki ce ta ɗauka, Suwaiba, ɗaya daga masu zaman allo. Na gaishe ta, na faɗi lambar. Na ji tana danne-danne.

Ta ce, "Baba, unguwar Yauri duk kore ce. Kuma babu na'ura mai wannan lamba a wurina."

Na ce, "Ɗiyata, gabanta nake tsaye. Saurara." Na kara wayar a jikin Gwaggo.

Ta saurara, sannan ta ce, "Wallahi ina ji, Baba. Amma manhaja ba ta ji. Ba ni da hurumin buɗe tikiti, wato izinin gyara, sai ƙararrawa ta shigo da kanta."

Na hau kabu-kabu zuwa ofishin Yelwa. Manaja ya karɓe ni da fara'a, ya ba ni kujera, ya ce, "Baba, kawo lambar tikiti, yanzu a fito maka da fanka." Na ce tikiti sai da ƙararrawa. Ya ce haka ne. Na ce ƙararrawa tana can tana bugawa tun jiya. Ya ce to ai tikiti zai fito. Na tambayi yaushe. Ya ce da zarar ta shigo allo. Ƙofar sito a buɗe take a bayansa. Da idona na ga fankokin, guda huɗu, cikin leda, a jere kan katako. Tsakanina da su taku biyar. Sau shida na je ofishin nan cikin wata uku, kuma kowane zuwa suna nan suna kallona.

A Fabrairu na'urar sanyaya ɗakin ta mutu. Ita kuwa kukanta da lambar Gwaggo yake fita, don haka shi ma bai isa ko'ina ba. Suwaiba, Allah Ya yi mata albarka, ta rubuta wa Injiniya Mustapha saƙo har sau biyu. Amsarsa layi ɗaya ce, ta karanta mani: lamba sha bakwai fatalwa ce, an riga an share ta, a gaya wa mai gadin ya duba lambar da kyau.

Na duba. Na makara wajen koyon lambobi, wannan gaskiya ne. Amma ɗaya da bakwai ba su cikin masu wuya.

Azumi ya kama cikin tsakiyar zafi. Wanda ya san bazarar Yauri ya san abin da kwantenar ƙarfe ke zama da azahar. Rana ta biyar ga azumi fankar tsakiya ta daina lazimi. Saura ɗaya. Na je gida na ɗauko fankar matata Balaraba. Ta biyo ni har ƙofar gida da ludayi a hannu: "Malam, cikin wanga azumi za ka ɗauke mani hwanka ka kai ma ƙarhe? To ita ta dama maka kunun buɗa baki!" Na wuce da fankar. Da yamma kunun ya zo, har da ƙosai, kuma washegari ita da kanta ta kawo buhunan algarara uku, irin waɗanda ake jiƙawa a rufe kwandon kifi. Na buɗe ƙofar kwantena, na rataye su a jiƙe a bakin ƙofa, taku uku daga jikin marigayiya, iska na bi ta cikinsu. In wuta ta ɗauke janareto bai tashi da wuri ba, in ɗauki mafici. Mutum mai shekara sittin da ɗaya, da azumi a baki, yana yi wa akwati fifita. Masu wucewa sun yi dariya, ban hana su ba. Da wannan dabarar na ja ranta kwana talatin da ɗaya.

Ranar Talatar, tun hantsi fankar dama ta bar "sss" ta koma "kiii". Jikin Gwaggo ba ya taɓuwa. Na kira babban ofis sau uku. Allo kore. Bayan azahar fankar ta ja numfashi, ta saki, ta sake ja, ta tsaya. Saura "tit-tit-tit-tit" da sauri, irin wanda ban taɓa ji ba. Ina fifita, ina cewa yi haƙuri, yi haƙuri, ban san wa nake ba haƙurin ba. Sai wari ya tashi kamar an ƙona roba. Ta ce "ƙat". Fitilunta suka mutu daga sama zuwa ƙasa.

Shekara goma sha huɗu ban taɓa jin ɗakin nan shiru ba. Har kukan kurciya na ji daga waje.

Sabis ya ɗauke, na hau tudun bayan shinge inda ake tsintar sabis ɗin wani gari, ba a yi minti biyu ba wayata ta fara ƙara. Na'urori tara sun koma toka-toka a lokaci ɗaya. Wayar da ta yi wata uku ba wanda ya neme ta, ranar har zafi ta yi. Kira na huɗu wata murya ce da ban sani ba, ba sallama: "Kai ne mai gadi? Injiniya Mustapha ne. Me ka taɓa?"

Na ce, "Mafici."

Maganar sauran garuruwa ta zaga ta wata hanya, don haka su ba su ji a jikinsu ba. Garinmu kuwa kwana uku ba sabis, matan kifi suna hawa tudu da waya a sama kamar masu roƙon ruwa. Rana ta uku mota ta zo da wata na'urar wucin gadi. A bayan motar, cikin ledarsu, ga fankokin nan huɗu. Tikiti ya fito.

Marigayiya ta rasu ta bar 'ya'ya tara. Akwai ta Wara mai raunin batir, da ta Shanga wadda ke yin rawaya duk lokacin da aka fara noman shinkafa saboda masu haƙa, da tagwayen Ngaski, da wasu biyar da ban taɓa gani da ido ba amma na san halin kowace. Ta bar janareto, maƙwabcinta mai yawan tari. Ta bar wata tsaka da ta shekara uku a bayanta don ɗumi. Ta bar fankar Balaraba, wadda ta koma gida da karyayyen wuya. Ta bar littattafai goma sha ɗaya da rubutuna. Ta bar ni.

Ta kuma bar mani takardar tuhuma, wadda ta iso kafin ɗakin ya huce. Laifi uku: na shigo da fankar gida, na rataye jiƙaƙƙun buhuna, na bar ƙofa a buɗe. An ce danshi da sakacina suka kashe ta. An ce in na sa hannu na amsa, za a bar ni a bakin shinge in ci gaba da gadi, amma za a karɓe makullin ɗakin. In na ƙi, ƙarshen wata ne ƙarshena. Washegari da safe, ina kan tudun nan, Suwaiba ta kira ni ta ce ta nemi a buɗe mata tarihin manhajar, don ashe tana rubuta duk hannun da ya taɓa ta, da suna da rana. A nan ta ga wanda ya ja Gwaggo, da inda ya kai ta.

Gideon ya zo ta'aziyya a kan babur ɗinsa. Ya tsaya gaban gawar, ya cire hula, ya daɗe. Da muka fito ya kama hannuna ya ce, "Sarkin shiru, littahinka ya ishe ka. Wancan zance kuwa, ni da kai muka sani. Kama bakinka, ai ka iya."

Ga wancan zancen, tun da sanarwar mutuwa ba wurin ɓoye-ɓoye ba ce.

A shekararta ta biyu, wata rana Gideon yana zaune a ƙasa da kwamfuta a cinya, ya ce, "Bari in jawo tsohuwarka tudu, aikin minti ɗaya ne." Na leƙa allon. Na ga inda akwatin yake, gabas da bakin tsohon kogi, daidai inda tsibirin yake. Ina da shekara biyar aka sa mu a jirgi. Abin da na riƙe shi ne Inna ta rungume tukunya ɗaya a cinya, ta ƙi waiwayawa, kuma har ta rasu ba ta sake ambaton sunan wurin ba. Duk taswirar da aka buga tun daga lokacin shuɗi ne kawai a nan. Wannan kaɗai ce ta nuna wani abu mai rai a tsakar gidanmu, kore, yana aiki. Na ce, "Injiniya, in ba ta hana aiki, bar ta nan." Ya dube ni, ya rufe kwamfutar. Ni na hana a gyara.

Ranar Alhamis aka zauna a ofishin Yelwa, Alhamis ta farko da ba ni da abin wankewa. Mutum uku a teburi, Injiniya Mustapha a cikin waya an buɗe murya. Sa'a biyu suna magana ina saurare. Da aka ba ni dama na buɗe littafi na fara daga ashirin da takwas ga Disamba, rana bayan rana, da irin karatuna na wanda ya koya da furfura. Ina tsakiyar Fabrairu Manaja ya ɗaga hannu. Ya ce, "Baba, ba wanda ke musun wannan. Amma fom ɗin gida huɗu gare shi: tsawa, ambaliya, ɓarayi, sakacin mai gadi. Dole a cika ɗaya kafin a rufe fayil." Ya turo mani biro.

Na ce zan sa hannu a kan laifina, amma nawa na gaskiya. Na ba su labarin tsibirin. Sai muryar cikin waya ta ce, "To ai ga shi nan, ashe ma shi ya jawo."

Ban saba ɗaga murya ba, kuma ban ɗaga ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ajiye ta cikin ruwa, ta fi shekara goma sha uku a ciki ba ta nutse ba. Kai ka toshe mata baki, wata shida ta mutu. A rubuta duka biyun, nawa a sama, naka a ƙasa, in sa hannu yanzu."

Manaja ya juya fom ɗin gaba da baya. Ya ce babu gidan wannan. Na ajiye masa bironsa.

Saboda haka, ga yadda za a yi jana'iza.

Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe motar kamfani za ta zo ɗaukar gawa zuwa siton Yelwa, inda za ta kwanta kusa da katakon fankoki har 'yan gwangwan su zo. Kafin nan zan zare ragarta in wanke, in shanya, in mayar, don ba za ta bar hannuna da datti ba. Injiniya Gideon zai kwance wayoyin da hannun da ya ɗaura su. Bayan an ɗaga ta zan miƙa makulli ga wanda aka turo. Ba zan jira ƙarshen wata ba. Ana roƙon masu rakiya kada su zo da mafici, ya riga ya gama aikinsa.

Za a karɓi gaisuwar mutanen gari da na ƙauyuka a ƙofar gidana, gindin darbejiya, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Balaraba ta ce za ta dama kunu, ta kuma ce duk mai niyyar kawo wani abu ya kawo mai gyaran wuyan fanka.

Binnewa ta biyu, wadda ita ce ta gaskiya, ranar Litinin ce da ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da za a goge akwatinta daga taswira gaba ɗaya. Sabuwar da za a kafa an riga an zaunar da ita a taswira a gefen titi, daidai inda take, kuma haka ya kamata. Suwaiba ta yi alkawarin za ta yi mani filashin da zarar an danna. A lokacin ina cikin jirgin ƙanena Hamza, a kan wurin. Ba ma buƙatar allo mu same shi: ka saita ƙarfen sabis da kan dutse, ka yi ta tuƙi har inda kututturen marken da ya ba tsibirin suna ke kama raga. Zan ajiye filafili in zauna. In wayar ta yi ƙara, zan gaya wa Inna an kashe fitilar ƙarshe a tsakar gidanta, kuma ɗanta bai sa hannu a kan ƙarya ba.

Masu ta'aziyya daga babban ofis kuwa, musamman Injiniya Mustapha, za a karɓi tasu gaisuwar a adireshin marigayiya kamar yadda yake a allonsu, tun da allo suka fi yarda da shi fiye da muryar mutum. Su bi taswira, kada su tambayi kowa hanya. Ba a tanadar musu jirgi ba. Wanda ruwa ya kai wa wuya yana iya kirana, lambata tana ƙarƙashin sunanta. Zan ɗauka, kuma zan saurara har ƙarshe, don na iya saurare.

Amma sai ya kawo lambar tikiti.

Mai sanarwa, a madadin 'ya'yanta tara,
Ɗanbaba, tsohon mai gadi,
Sabon Gungun Marke.